Ceɗiyar da Danga Ta Raba

Wadda ta ba ni wannan labari ba ta duniya yau. Mai ɗakina ce, tana tsinkar zogale take faɗa mini shi. Ga shi yadda na riƙe.

A zamanin da, wani sarki ya kafa doka cewa duk auren da ya mutu, kada mace ta fita sai an ware mata abin da yake nata. Ana nan sai wani masaƙi, Ɗantani, ya saki matarsa Kulu bayan shekara ashirin da shida. Alƙali ya raba musu: gado da tasoshi da akuya na Kulu, gida na Ɗantani. Ceɗiya guda ta gefen danga ce ta gagara, har aka kai magana fada.

Kulu ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, daga gidan ubana na saro reshen, na dasa shi inda aka binne mabiyiyar ɗana. Yaron bai kai yaye ba. Ba mu sake samu ba."

Ɗantani ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙasar ta kakana ce. Ɗan kuma ai nawa ne ni ma."

Malamai suka ce itace ƙasa yake bi, a ba ta tunkiya ladan wahalarta. Kulu ta sunkuyar da kai. Ta san da zarar ta gama idda ta fita, ba ta da sauran hanyar shiga gidan nan.

Waziri ya dube ta, sannan ya ce, "Masaƙi, yaushe kake sabunta dangarka?"

"Bayan girbi, ranka ya daɗe, in kara ya samu."

"To, bana ka ja ta ciki taku uku, ta bi ta jikin itacen. Inuwar safe waje za ta faɗa, ta Kulu ce. Ta yamma taka."

Sarki ya amince, ya ce a mayar wa Ɗantani taku ukunsa daga filin sarauta da ke bayan gidan. Aka yi fatiha, aka watse.

Tun daga nan, kullum da safe Kulu kan taso daga gidan wanta da tulu a ka. Ta zuba wa ceɗiya ruwa, ta zauna a inuwarta tana jin ƙarar saƙar Ɗantani a bayan danga. Sau da yawa takan tarar da danshin ruwan da ya zuba ta gefensa ya riga ya ratso ta ƙarƙashin kara.

Shekara tara ana haka. Wata safiya ba ta ji saƙa ba, ƙasa kuma a bushe. Ba ta tambayi kowa ba. Ta zuba rabin tulun a gefenta, ta ɗage kara biyu daga ƙasa, ta tsiyaya sauran ciki.

Allah ya jiƙan su su uku, ya jiƙan wadda ta ba ni labarin, ya sanyaya makwancinta. Ku taya ni da amin.