Motar da Aka Lulluɓe da Tampol

Akwai wani mutum da ya yi shekaru yana aiki a birni. Da ya ajiye aikin, sai ya komo ƙauyensu da matarsa da wata farar mota. Ƙauyen kuwa yana nesa da asibiti, motoci ba su cika shiga ba.

Mutumin nan ya ƙaunaci motarsa ƙwarai. Ya gina mata rumfar kwano a bayan ɗaki, ya sayo tampol ya lulluɓe ta har ƙasa. Kowace Asabar yakan yaye tampol ɗin, ya wanke ta, ya goge ta har sai ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, sa'an nan ya mayar da lulluɓin. Amma ba ya tayar da ita. Ran Lahadi ma da ƙafa yake zuwa sujada, wai hanyar duk ramuka ce, ba ta dace da irin wannan mota ba.

In mutanen ƙauye suka zo roƙo, ko mace ce naƙuda ta yi mata tsanani, ko tsoho ne ya faɗi, amsarsa ɗaya ce: "Ku yi haƙuri, ajiye ta nake yi domin ranar bukata." Bukatar wani ba ta taɓa zama bukata a wurinsa ba. Sai mutane su wuce gidan maƙwabcinsa, mai wata tsohuwar a-kori-kura wadda ƙofarta ma da igiya ake ɗaure ta. Ita ce ke kai awaki kasuwa, ita ce ke kai marasa lafiya asibiti, ba ta da ranar hutu. Mai farar motar yakan ji ƙararta ya girgiza kai yana dariya.

Da kaka ta yi, gyaɗarsa ta yi kyau har rumbu ya cika ya bar saura. Sai ya jera sauran buhunan a rumfar mota, kusa da tayoyi, domin nan ne kwano ba ya yoyo. Akwai kuma wata kyanwa a gidan da ta saba kwana a kan motar. Wata Asabar ya ga ɗan karce a jikin fenti, ransa ya ɓaci, ya sa aka kai kyanwar wani ƙauye.

Ba a daɗe ba matarsa ta ce masa, "Baban Keziya, in na zo shara ina ganin kashin ɓera da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin motar nan. Da ka kwashe buhunan, ka buɗe gabanta ka duba. Ko ka riƙa tayar da ita tana ɗan zagayawa."

Ya ce, "Maman Keziya, ɓera zai ci ƙarfe ne? Dubi yadda take sheƙi."

Ta ci gaba da shararta.

Gaskiyarsa, ɓera ba ya cin ƙarfe. Amma ba ƙarfe kaɗai ke cikin mota ba. Ɓerayen sun sami wuri mai duhu, busasshe, inji bai taɓa yin zafi ya kore su ba, ga abinci a bakin ƙofa, ga kyanwa ta tafi. Suka hau ta wajen taya, suka yi gida a kan inji, suka hayayyafa. Haƙoran ɓera kuwa ba sa hutawa, ko ya ƙoshi sai ya sami abin gaigaya. Suka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, suka huda tiyon ruwa. Maigidan yana waje yana goge gilashi. Inda ɓeraye suka taru kuma, maciji yakan biyo su.

Wata ranar kasuwa da safe, matar ta je ɗebo gyaɗar kunu. Ta sa hannu tsakanin buhu da buhu, sai kububuwa ta sare ta. Mijin ya ji kukanta, ya fito a guje. Masu babur duk sun tafi kasuwa, a-kori-kura ma ta fita tun da asuba. Ya ce mata, "Kada ki ji tsoro, domin wannan rana na ajiye motar."

Ya fizge tampol. Motar tana ƙyalli kamar ranar da aka saye ta. Ya kwantar da matarsa a kujerar baya, ya shiga, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko tari motar ba ta yi ba. A ranar ne ya buɗe gabanta, abin da bai taɓa yi ba tun da ya ajiye ta. Ɓeraye suka watse ta ko'ina. Ya ga tarin ɓawon gyaɗa da tsummoki, ya ga wayoyi a gutsure suna lilo. Ya tsaya riƙe da tsumman da yake goge motar da shi, ya rasa abin yi, matarsa tana nishi a bayansa.

Aka tura wani a keke ya kira maƙwabcin daga kasuwa. Ya bar cinikinsa ya zo, bai faɗi ko kalma ɗaya ta gori ba, ya ce kawai, "Ɗauko ta, ɗan'uwa." Amma rana ta riga ta yi nisa kafin su isa. Likita ya ceci ranta, bai iya ceton hannun ba. Ya ce da an kawo ta tun da safe, da ba a kai ga yankewa ba.

Ta koma gida da hannu ɗaya. Har ta tsufa ba ta taɓa ce masa, "Ai na faɗa maka," ba. Shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi, gama kowace safiya yana kallonta tana shara da hannun hagu.

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan bangaskiyarka ce. Allah bai ba ka ita domin ka lulluɓe ba, ya ba ka ita domin ta ɗauki kaya, naka da na maƙwabcinka. Da yawa daga cikinmu mun iya wankin Asabar. Muna zuwa sujada da tufafi a goge, muna rera waƙa da murya mai daɗi, kowa yana yaba mana. Amma yaushe rabon da mu buɗe ciki mu duba? Yaushe rabon da bangaskiyarmu ta fita kan hanya mai ramuka, ta kai wa mara lafiya abinci, ta gafarta wa wanda ya cuce mu?

Buhunan gyaɗa kuwa su ne ƙananan abubuwan da muke ajiyewa kusa da zuciya muna cewa ba komai: 'yar ƙarya, ɗan tsegumi, fushin da muka ƙi saki. Ba sa rushe mutum rana ɗaya. Ɓeraye suke jawowa, su kuma su yi ta gaigaya a ɓoye, har sai addu'a ta tsinke ba ka sani ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda muke korar kyanwa. Wanda ya isa ya tsauta mana, don ya ɗan karce mana girma, sai mu daina gaishe shi.

Kada ka raina ɗan'uwan da bangaskiyarsa ke ƙara kamar a-kori-kura. Tana aiki kullum, shi ya sa ɓera bai sami wurin kwana a cikinta ba.

Ranar bukata tana zuwa ga kowa, ba ta kuwa aiko da sanarwa. Ka kuma lura, ba mai motar ne ya rasa hannu ba. Wadda ta yi masa gargaɗi ce, wadda ta dogara gare shi. Akwai wani a gidanka da zai kwanta a kujerar baya ran nan, yana jira ka murɗa makulli. Saboda shi, ka yaye tampol yau, ka roƙi Ubangiji ya nuna maka abin da ke ciki, tun hannun yana nan.