Sandar Sarkin Dawa da Kunamar Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari na bakin kogi an yi wani tsoho, Magawata, Sarkin Dawa. Duk shekara yakan kafa sanda ɗaya tak a mazaunin dabbar da danginta suka kusa ƙarewa. Inda ya kafa ta, ba mai kai gatari, ba mai jefa taru.

To, akwai wani ɗan biri, Tsito, ƙanƙane ne amma baki ya fi shi girma. Aka fara sare wa birai kurminsu na tsamiya, sai hankalinsa ya tashi, ya ruga neman sanda. Ya tarar da tsoho a bakin ruwa yana kallon wata halitta shimfiɗe a yashi kamar faifai, da doguwar wutsiya mai tsini.

Tsoho ya ce, "Kunamar ruwa ce. Ita ma sandar take nema."

Tsito ya ce, "Baiwar Allah, ke wane dangi ce?"

Ta ce, "Kifi."

"Ina ƙashinki?"

"Ba ni da shi, guringuntsi ne."

"Ina kike zuba ƙwai?"

"Ba na ƙwai, haihuwa nake yi."

Sai Tsito ya riƙe baki. "Ashe ke tamu ce, masu shayarwa?"

"A'a, ba na ba da nono. Muna cikin ruwa tun ba a yi biri ba."

Tsoho ya ce, "Kowa ya kira danginsa mu gani."

Tsito ya yi kira ɗaya, kurmi ya ɗauka, rassa suka yi ta rawa. Kunama ta bugi yashi, shiru. Ta sake bugawa, shiru. A na uku sai wata 'yar mitsitsiya, ba ta fi tafin hannu ba, ta zame daga ƙarƙashinta.

Ta ce, "Ita kaɗai taru ya bar mini."

Mamaki da tausayi suka rufe Tsito. Daga nesa yana jin ƙarar gatari a kurmin da aka haife shi.

Sai ya ce, "Baba, kafa mata."

"Kurminku fa?"

"Mu in an sare, ma hau dutse. Ita ina za ta hau?"

A shekarar aka sare tsamiyar ƙarƙaf, birai suka koma dutse. Tsito ya yi kuka, amma bai yi da-na-sani ba. Kafin ka kai kukanka, yara, ka fara duba wanda ya kira bai sami mai amsawa ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.