Tayar Gaba ta Dama

Akwai wani dattijo mai gyaran rim, wato ƙarfen da tayar mota ke zama a kansa, a wata rumfar kwano bayan gidan mai. Mai Guduma ake ce masa. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa kuma aiki ya kai su nesa. Tunda aka buɗe manyan shaguna masu inji, yakan yini bai yi magana da kowa ba.

Aikinsa na tsanaki ne. Zai ɗora rim a kan sandar ƙarfe, ya juya shi, ya kara alli a gefe. Inda allin ya taɓa, nan ne lanƙwasar. Sai ya gasa wurin, ya bi shi da guduma a hankali. In ya gama yakan buga ɗigo ɗaya da ƙusa daga ciki, don ya gane aikinsa.

Wata rana wani tsohon hedimasta ya kawo motarsa. Ya daki dakalin bakin titi, rim ɗin gaba na dama ya lotse. Ya zauna a benci yana jira, hira ta ɓarke. Ashe shi ma shi kaɗai yake a gida.

Daga nan ya riƙa zuwa kowace la'asar, ko babu gyara. Mai Guduma har ya sayi kofin shayi na biyu.

"Hedimasta, yau ba ka yi dambe da titi ba?"

"Titin ne ke tsokanata, Mai Guduma. Kullum sai sun matso da shi."

Cikin wata huɗu rim ɗin ya dawo har sau biyu. Da ya sake dawowa, Mai Guduma ya leƙa ciki ya ga ɗigo uku. Taya ɗaya, gefe ɗaya. Sai ya tuna jiya da ya miƙa masa shayi ta dama, Hedimasta bai gani ba sai da aka yi magana.

Ya daɗe riƙe da allin. Ya san mutumin yana da zuciya. Ya kuma san in ya faɗa, bencin nan zai koma babu kowa.

"Hedimasta, ba zan gyara ba."

"Ƙarfen ya gaji ne?"

"Ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Idonka na dama ne. Yau dakali ka daka, gobe mutum ne tsaye a kan dakalin. Don Allah ka je asibiti."

Hedimasta ya miƙe tsaye. "Shekara arba'in ina tuƙi! Yaushe mai dukan ƙarfe ya zama likita?"

Ya sa aka ɗaura tayar safaya, ya tafi ko sallama babu. Rim ɗin ma a nan ya bar shi.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Mai Guduma ya gyara rim ɗin duk da haka, ya jingine shi a bango. Kowace la'asar yakan goge bencin, ya wanke kofi biyu, ya mayar da ɗaya a bushe. Wani lokaci ya ce a ransa, "Da na yi shiru." Sai kuma ya ga mutane tsaye a bakin titi suna jiran mota, ya girgiza kai.

Ranar da aka cika wata uku, motar ta tsaya a gaban rumfar. Wata mata ce ke tuƙi. Ta fito ta durƙusa.

"Baba, sannu da aiki. Ni 'yar Hedimasta ce. Likita ya ce idonsa na dama ya riga ya tafi, amma an ceto na hagun. Da an ƙara jinkiri, da duka biyun ne."

Hedimasta ya fito da sanda, ya nufi bencin ya zauna. Bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne.

"Na bar mata motar. Shayin fa, ko shi ma ba za ka gyara ba?"

Mai Guduma ya zuba, ya zauna kusa da shi ta damansa.

"A'a," in ji Hedimasta. "Dawo ta haguna. Ta nan nake ganinka."

Darasi: Kada tsoron zama kai kaɗai ya sa ka ɓoye wa abokinka gaskiyar da za ta cece shi. Ku tura wa wani, musamman mai dattijo a gida da har yanzu yake tuƙi.