Takardar da Bulus Ya Rubuta da Hausa

Akwai wani bawan Allah a Panshekara, ana ce masa Gwadabe, wanda ya shugabanci mutum sittin wata bakwai cur ba tare da ko mutum ɗaya ya kawo masa ƙorafi ba. Ba wani sirri ba ne, hana su ya yi.

A 1981 ne, a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa. Tsohon foman, Malam Idrisu, ya yi ritaya. Aka duba aka ga Gwadabe kaɗai ke da takardar difloma a cikin ma'aikata, sai aka ɗora shi.

Shi Malam Idrisu yana da ofis, amma ƙudaje sun fi shi zama a ciki. Kullum da azahar yakan fita bakin get, rumfar Hajiya Sauda mai shinkafa da wake, ya sa hannu a tire ɗaya da mutanensa. A nan, tsakanin loma da loma, yake jin cewa injin kaza ya canja kuka, ko gishirin da aka kawo rabinsa yashi ne. Kafin a wanke hannu an san abin yi.

Gwadabe ya ci a tiren nan shekara huɗu. A ganinsa ba haka littafi ya ce a tafiyar da kamfani ba. Kuma ya yi gaskiya, ba haka littafi ya ce ba.

Da ya hau kujera sai ya sayi kula, ya koma cin abinci a ofis shi kaɗai. Ya buga fom, ya ce duk mai matsala ya rubuto da Turanci, kwafi biyu. A cikin mutum sittin ɗin, huɗu ne ke rubuta Turanci. Sauran wasu ajami, wasu Hausar boko, wasu kuma dangwala yatsa.

Wani mai injin, Lawan, bai gane zamani ya canja ba. Ya shigo da baki ya ce bel ɗin injinsa yana zamewa. Gwadabe ya tambaye shi wa ke kan injin, ya ce shi ne. Aka dakatar da shi kwana uku saboda sakaci. Sauran suka ɗauki haske.

A ƙarshen wata Gwadabe ya rubuta wa manaja cewa matsalolin sashensa sun sauka daga ashirin zuwa babu. Manaja ya ji daɗi ƙwarai.

To, akwai Bulus, mutumin wani ƙauye kusa da Kafanchan, shi ke kula da sito inda ake jibge ɗanyar fata. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Gwadabe. Naman Sallah kan tsallaka ta, shinkafar Kirsimeti ta tsallako. Shekara huɗu Bulus na goyon Gwadabe a keke zuwa aiki. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma in ya zura hannu a tsakiyar tulin fata, zai gaya maka kwana nawa suka rage mata.

Wata Juma'a a watan Afrilu, zafi kamar ana gasa garin, Bulus ya leƙo ofis.

"Gwadabe, taso ka ji wani abu."

"A nan foman nake."

"To, ranka ya daɗe foman. Fatun awakin nan na Sakkwato gishiri bai kama su ba. Na sa hannu na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ka ba ni mutum goma da buhun gishiri ashirin mu baza su yau. In ba haka ba, kwana uku sun tafi."

"Ka cike fom."

"Haba mutumina, fatar nan ba ta jin Turanci."

Akawu biyu da ke ofishin suka fashe da dariya. Da ba su yi ba, wataƙila da labarin nan bai samu ba.

Bulus ba shi da ikon ɗiban gishiri ko mutane sai da sa hannun foman. Ya fita, ya juya bayan fom ɗin ya rubuta komai da Hausa, ya kawo. Gwadabe ya karanta, ya gane kowace kalma, ya ce a sake da Turanci, ya jefa takardar a durowa. A ransa ya ce ran Litinin zai duba fatun, bayan Bulus ya koyi yadda ake magana da na gaba.

Ran Litinin wari ne ya tarye su tun daga bakin titi. A kamfanin jima kuwa, kafin a ce yau ana wari, abin ya kai. Fata dubu huɗu, gashi na saɓulewa, hannu na hudawa.

Manaja ya kira su biyun. Ya ce ɗayansu zai bar kamfanin a ranar, ya dubi Gwadabe.

"An kawo maka rahoto?"

Takardar tana durowa, taku ashirin daga inda suke tsaye. Gwadabe ya ji nauyinta kamar a aljihunsa take. Ya tuna rahotanninsa bakwai masu cewa babu matsala.

"Yallaɓai, babu fom ko ɗaya da aka cike bisa ƙa'ida."

Gaskiya ce ya faɗa, irin wadda ke hana mutum cin abinci. Bulus ya dube shi. Aka sallami Bulus daga aiki.

A bakin get, yana jan kekensa, ya tsaya.

"Foman, tulin da ke kusurwar gabas, a juya shi gobe, shi ma ya fara. Da baki na faɗa, ka yi haƙuri."

Washegari Gwadabe da kansa ya tuɓe riga ya shiga juyin fata. Da azahar ƙafarsa ta kai shi rumfar Hajiya Sauda. Hirar da ake yi ta mutu nan take.

"A'a, Oga ne da kansa?" in ji Hajiya. "Da baki za ka ce in zuba, ko in kawo fom?"

Ya samu wuri ya zauna. Ta zuba masa a kwano daban, ta rage murya.

"Ɗan nan, Idrisu bai kai ka karatu ba. Abin da ya fi ka, in an gaya masa mummunan labari godiya yake yi."

Kwana goma sha shida Gwadabe ya yi kafin ya iya ɗaukar takardar zuwa wurin manaja. Manaja ya saurara, ya ce ya kyauta da ya faɗi gaskiya, kuma in Bulus ya dawo za a mayar da shi. Sai dai a lokacin wasu baƙi ne ke shanya a gidan Bulus, shi ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu.

Gwadabe ya hau mota har ƙauyen. Ya iske shi a gonar citta. Matarsa Rut ta yi tuwon acca, aka ci, aka tambayi lafiyar Hauwa matar Gwadabe da yara. Sannan Gwadabe ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ai na yafe maka tun motar kayanmu ba ta wuce Na'ibawa ba," in ji Bulus.

"To ka dawo, don Allah. Aikinka na nan."

"Yafiya daban, dawowa daban. Rannan a gaban manaja ka dube ni kamar ba ka taɓa sanin sunana ba. Ba na son in sake ganin wannan fuskar. Bar ni da wadda na sani a bayan keke."

Ya rako shi bakin hanya da ƙullin citta, ya ce a kai wa Hauwa.

Gwadabe ya dawo ya yage fom ɗinsa. A hankali mutane suka soma buɗe baki, amma hannu irin na Bulus ba a samu ba. Kafin damina ta fita an sake zubar da fata sau biyu.

A watan Disamba kamfanin ya yi walimar ƙarshen shekara, ya ba Gwadabe agogon bango, kyautar foman da ya fi kowa iya zama da mutane. Agogon na nan rataye a falonsa. Bai taɓa sa masa batir ba.

Darasi: Shugaba na gari shi ne wanda ƙaramin ma'aikacinsa ba ya jin tsoron kawo masa mummunan labari, kuma in laifi nasa ne yakan ce nawa ne a ranar, ba bayan kwana goma sha shida ba. Saurare da amsa laifi ba sa rage girma. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda aka ƙara wa matsayi kwanan nan. Da Hausa aka rubuta, zai gane.