Gwadabe da Gefen Takarda

Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma sunan sarkin. Tsufa ya shiga gafakata ya yi ɓarna irin ta gara. Ko itacen da abin ya faru a gindinsa, wata rana in ce durumi, wata rana in ce tsamiya. Amma abin da ya rage zan ba ku.

A zamanin da, wani sarki ya bi ta ƙofar alƙali ya tarar ta cika da masu goro da masu tallar fura, har mai ƙara ba ya samun wurin tuɓe takalmi. Ya ce wa wazirinsa, duk wanda shari'a ba ta bukatarsa a mayar da shi kasuwa.

Waziri ya yi ta kora har ya iso kan wani tsoho, Gwadabe, wanda ya shekara talatin a inuwar itacen nan yana sayar da takardun da ake rubuta ciniki da wasiyya da rabon gado. Yakan ja musu layi, ya rubuta Bisimilla a sama, ya bar sauran ga marubucin alƙali. Yana kuma da wata al'ada da ake yi masa dariya a kanta. Duk takardar da ya sayar sai ya yage gefenta da hannu, ya rubuta wani abu a kai, ya soka a zare. Shi ya sa ake ce masa Ɓeran Alƙali.

Waziri ya ce, "Baba, kai malami ne?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na kai izu biyar aka ce in je in huta."

"Shaida kake bayarwa?"

"Ina ni ina shiga maganar mutane."

"To, ɗan kasuwa ne kai. Naɗe tabarmarka."

Gwadabe ya ce, "In na koma kasuwa, tsakanin masu manja za a ajiye ni, takarda kuwa ba ta shiri da manja. A kai ni gaban sarki."

Suka tarar da fada a cike. Alƙali ya kawo wata shari'a da ta gagare shi: wani marini, Jatau, da wani attajiri, Ɗanbaba, kowa na riƙe da takardar cewa shi ya sayi karofin bakin rafi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wanda ya sayar ya rasu, shaidu sun rasu, rubutun kuma kamar hannu ɗaya.

Da sarki ya ji ƙorafin Gwadabe, sai ya yi murmushi ya ce, "Ga shari'a a gabanka, tsoho. In tana bukatarka, inuwa taka ce. In ba ta bukatarka, manja na jiranka."

Gwadabe ya karɓi takardun, ya shafa gefensu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, duka biyun nawa ne."

Ɗanbaba ya gyara zama ya ce, "To, kun ji. Ɓera ma ya shaida."

Aka ɗauko wa Gwadabe ƙwaryarsa ta zaruruwa, kowace shekara da zarenta. Ya warware zaren shekara goma sha ɗaya, yana tofa yawu a yatsa, fadawa na hamma. Can ya zaro wani ƙyallen takarda da ya yi ja don tsufa, ya kara da takardar Jatau. Yagar ta haɗu kamar ba a taɓa raba su ba. Waziri ya karanta abin da ke jiki: "Jatau marini, watan Rajab."

Ɗanbaba ya ce, "Nawa ma yana nan, a duba da kyau."

Gwadabe ya ce, "Yana nan, Alhaji, ban taɓa yar da na kowa ba." Ya ajiye tsohon zaren, ya ɗauko na bana, ya zaro ƙyalle fari fat. Ya kara da takardar Ɗanbaba, ya haɗu. Waziri ya karanta: "Ɗanbaba, watan jiya."

Waziri ya dubi attajirin ya ce, "Takardar wata ɗaya ta shaida cinikin shekara goma sha ɗaya. Alhaji, yarinyar nan taka ta girmi haihuwarta."

Fada ta tuntsire da dariya. Aka bar wa Jatau karofinsa, aka miƙa Ɗanbaba ga alƙali.

Sarki ya ce, "Daga yau kada in ƙara jin Ɓeran Alƙali. Sunansa mai takardar shari'a. Ba ya hukunci, ba ya fatawa. Shi ke ba da takarda, shi ke tsare gefenta. Wanda bai yi biyun nan ba, kada a kira shi da wannan suna."

Waziri da kansa ya shimfiɗa masa tabarma a inda ya tashe shi.

Bayan shekaru, yawon neman karatu ya bi da ni ta garin. Na sami wani jikan jikan Gwadabe a ƙofar alƙali, na sayi takarda guda, ya yage gefenta ya rubuta sunana. A kanta nake rubuta muku wannan, kuma yanzu na duba bayanta na ga abin da na rubuta ranar don kada in manta: itacen tsamiya ce.