Alkakin Gwaggo Bushiya da Godiyar Baffa Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da bakinku ke ƙyalli da maiƙon Sallah.

Ta zo mu ji ta, mu lashe hannu.

To, ku matso. An yi wata tsohuwa, Gwaggo Bushiya, wadda duk dajin ba mai hannunta a alkaki. Kowace ƙaramar Sallah sai ta ɓarza alkama, ta kwaɓa, ta bari ta kwana, ta naɗa, ta soya, ta tsoma a zuma. Kowa da rabonsa. Amma kwanon farko na Baffa Kunkuru ne, da ke zaune a hayin rafi. Ita bazawara, shi gwauro, kuma ba wanda ya taɓa ce wa wani komai.

Godiyar Baffa ba ta canzawa. Ya ci, ya goge baki, ya ce, "A ce mata zuma ta yi yawa. An gode." Gwaggo ta ji saƙo ta yi tsaki, sannan ta yini tana murmushi.

Kurege ne ɗan aikensu. Tukuicinsa wajen Baffa kuwa gyaɗa ce ƙwaya ɗaya, busasshiya.

Wata Sallah Kurege ya ɗauki kwano, ya kai gindin kuka, ƙamshi ya ɗaga faifai ya shiga hancinsa. Ya ce, "Bari dai in ji ko da gaske zumar nan ta yi yawa." Ya ci ɗaya, ya ce bai gane ba. Ya ci wani, ya ce bai gane ba. Kafin ya gane, kwano ya koma fanko. Ya lashe, ya juya gida.

Gwaggo ta ce, "Me ya ce?"

Kurege ya yi tunani: godiya mai zaƙi ai ita ke jawo wani kwanon. Ya ce, "Ya ce Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Gwaggo ta tsaya da ludayi a sama. "Kunkurun ne ya faɗi haka? Bai ce zuma ta yi yawa ba?"

"Cewa ma ya yi a ƙara."

Ta juya wajen murhu, wai hayaƙi ya shigar mata ido. Ta cika wani kwano.

Kurege ya kai gindin kuka, ya cinye, ya lashe, ya juya.

"Me ya ce?"

"Ya ce tun da ya ci, ko ruwa ya sha zaƙi yake ji."

Ta cika wani. Gindin kuka, ya cinye, ya lashe, ya juya. Wannan karon zuma ta hau masa kai.

"Ya ce, Gwaggo, da mai hannun nan a gidansa take, da bai san tsufa ba."

Gwaggo ta miƙe. Ta ɗauko kwalli, ta ƙunsa lalle, ta kwantar da ƙayoyin bayanta da man shanu. Ta ce, "Gobe da kai za mu. Ina so in ji da kunnena."

Kurege ya shiga neman mafita. Ya ce rafi ya cika. Ta ce rani ake. Ya ce Baffa na mura. Ta ce dalilin zuwa ya ƙaru.

Shi kuwa Baffa, tun ranar Sallah yake zaune a ƙofar gida da gyaɗarsa a hannu. Kwano bai zo ba. Ya ce a ransa ba abin da zai hana Bushiya aiko alkaki sai ciwo. Ya kama hanya. Kun san tafiyar kunkuru: ana ta shagalin Sallah, shi yana ta ɗaga ƙafa.

A gindin kukar nan suka haɗu, inda tururuwa ke ta jan ɓurɓushin alkaki.

Baffa ya ce, "Ashe kina da rai."

"Barka da Sallah ake cewa, Malam."

"Na zaci kina kwance. Kwano bai zo ba."

"Kwano nawa na aiko?"

Suka dubi tururuwa, suka dubi Kurege, wanda jelarsa ke danƙo da zuma.

Gwaggo ta ɓoye hannunta mai lalle cikin mayafi. A hankali ta ce, "Ashe maganganun nan ba naka ba ne." Ta juya za ta koma.

Kurege ya ga in ta tafi da wannan kunyar, shi da alkaki har abada. Ya yi wuf ya tare hanya.

"Tsaya, Gwaggo. Baffa, kullum kana aiko godiya a bakina kamar mai rowar gishiri. Da ban tare kwanon ba, yaushe za ka tako da ƙafarka? Ni abin da ka ɓoye a ƙoƙon bayanka na fito da shi. Ga ta nan. In ƙarya na yi, ka faɗa mata."

Baffa ya janye kai cikin ƙoƙo. Daga ciki aka ji murya: "Me ka ce na ce?"

Kurege ya maimaita, ɗaya bayan ɗaya.

Can muryar ta ce, "Na ruwan nan shirme ne. Na ƙarshen kuwa, a bar shi yadda yake."

Gwaggo ta kwance bakin zane, ta fito da alkaki ɗaya da ta ƙullo. Kan Baffa ya leƙo. Ya ci, ya goge baki.

"Zuma ta yi yawa."

"Sai ka zo ka riƙa auna mini."

"An gode," in ji shi, yana kallon lallen.

Kafin babbar Sallah aka ɗaura aure. Kurege ya bi daji yana cewa duk dabararsa ce.

Da ƙaramar Sallah ta zagayo, ya yi sammako, ya wanke hannu tas. "Gwaggo, ina kwanon da zan kai?"

"Ka kai wa wa? Ga shi nan a gindin murhu, yana auna mini zuma."

Baffa ya laluba, ya miƙa masa gyaɗa ƙwaya ɗaya. Kurege ya juya ta, ya juya ta, ya jefa a baki.

"Ta bushe da yawa," in ji shi. "An gode."

Ƙurunƙus, kan ɓeran da ya lashe kaskon. Saboda haka, yara, in za ku cinye saƙo ku ƙirƙiro godiya, ku rage mata zuma, kada ku aurar da masu aikenku ku rasa kwanon ɗauka.