Gam Ɗin Da Ba Ya Fita A Hoto

Akwai wata mai kwalliyar amare a garin Daura, sunanta Amatullah. In dai batun hannu ne, Allah ya ba ta. Yarinya za ta zauna a gabanta fuska duk tabon ƙuraje, ta tashi har uwar da ta haife ta sai ta sake dubawa.

Daga unguwar Kusugu har Mashi ana kiran ta biki. Matsalar ɗaya ce: tun da yabo ya fara cika mata kunne, shawara ta rasa ta inda za ta shiga.

Su biyu ne wajen mahaifiyarsu, Iya. Ita ce babba, sai ƙanwarta Raihana, yarinya mai sanyin hali da manyan idanu masu haske. Tun suna yara a fuskar Raihana Amatullah ta koyi sana'a. Ta shafa, ta goge, ta sake shafawa, ita kuwa tana zaune ba ta ko motsi.

Da aka sa ranar auren Raihana da saurayinta Zakiyyu, wani mai fataucin awaki daga garin Babban Mutum, Amatullah ta rantse cewa Daura ba ta taɓa ganin amarya irin wannan ba. Son ƙanwarta take yi, wannan ba ƙarya. Amma a gefen zuciyarta tana lissafin hotunan da za ta ɗora a waya, da amaren da za su biyo baya.

Ta sayar da tumakinta, ta nufi shagon Madam Ursula, 'yar ƙabilar Ibo da ta daɗe tana sayar da kayan kwalliya a garin, har Hausa ta zauna a bakinta.

Amatullah ta shiga zaɓe ba ji ba gani. Ta ɗauki babban akwatin kaya mai madubi da fitilu, ta ɗauki fitilar ɗaukar hoto mai doguwar ƙafa, ta kwashi jambaki kala-kala da hoda mai ƙyalli, sai gashin ido na kanti irin mai tsawo. Da aka zo kan gam ɗin da ake liƙa gashin da shi, kuɗi suka ce ga garinku nan.

Madam Ursula ta ajiye mata wata 'yar kwalba a kan tebur. "Ga gam mai kyau, ga ruwan cire shi. Amatullah, ki mayar da akwatin nan. Tsohon akwatinki bai fashe ba. Jambaki ma mai araha yana yi. Amma abin da zai je kusa da ido, kada ki yi masa rowa."

Amatullah ta juya kwalbar, ta ji farashi, ta yi tsaki. "Wannan ɗan abin? Haba Madam. Wa yake ganin gam a hoto?"

"Ido yana ganin sa."

"Madam, ke dai sayar da kayanki. Kwalliya ki bar wa masu ita."

Ta sa aka ɗora mata akwati a Keke Napep, tana tafe tana waige ko mutane sun gani. A bakin tasha ta tsaya wajen wani mai baro da ke sayar da tsinken sakace da reza da batir. A cikin tarkacensa ta samu gam a 'yar robar matsawa, babu suna, babu rubutun da mutum zai iya karantawa. Ya ce mata yana kama komai. Ta saya da canjin da ya rage, tana jin ta yi wayo.

Kafin biki ta gwada shi a kan 'yan mata biyu. Dukansu sun ce yana yaji, ɗaya har da hawaye. Ta ce musu haka kwalliya take, mai son kyau ba ya raki.

Ranar kamu ta zo. Taron mata ne zalla, kuma duk wanda ya san mata ya san a irin wannan taron ido ya fi kaifi. Bayan azahar gida ya cika, dangin ango sun iso daga Babban Mutum, ana ta rabon waina da zoɓo a tsakar gida.

Amatullah ta shigar da Raihana ɗakin Iya, ta kunna fitilun akwati, ta kulle ƙofa. Ba ta son kowa ya ga amarya sai an gama.

Aiki ya yi kyau, wannan kam ba a magana. Saura gashin ido kawai.

Raihana ta ce, "Yaya, a bar gashin nan mana. Iya ba ta so, angon ma ya ce nawa na halitta ya ishe shi."

"Shi awaki ya sani. Ɗaga kanki."

Ta matsa robar, gam ya ƙi fita. Bakin ya bushe ya toshe. A waje an fara buga ƙofa ana cewa a yi sauri. Ta zari allura ta soka, ta matsa, shiru. Hannunta na daidai saitin fuskar Raihana lokacin da ta haɗa yatsu biyu ta matsa da ƙarfi.

Robar ta fashe ta gefe. Gam ya yi tsartuwa ya faɗa cikin idon hagu.

Raihana ta ƙwalla ƙara, ta runtse ido. Kafin ta sake yunƙurin buɗewa, fatar sama da ta ƙasa sun kama juna.

"Yaya, idona! Wuta, Yaya, wuta!"

Amatullah ta toshe mata baki da tafin hannu. "Yi shiru, don girman Allah yi shiru, yanzu zan gyara."

A nan ne ta yi kuskuren da ya fi na farko. Da ta buɗe ƙofa a lokacin ta ce a kawo mota, da labarin nan ba haka zai ƙare ba. Amma ta tuna matan da ke tsakar gida, ta tuna wayoyin da ke hannunsu, ta tuna sunanta. Sai ta sa yatsu ta fara jan fatar idon.

Raihana ta riƙe ƙafar kujera tana makyarkyata. Idon bai buɗe ba. Amatullah ta birkice akwatin, jambaki na zubewa ƙasa, tana neman abin da zai narkar da gam. Ruwan cire shi yana can shagon Madam Ursula inda ta bar shi. Abin da hannunta ya kai gare shi shi ne ruwan goge jan farce.

Ta jiƙa auduga, ta danna a kan idon, ta ja.

Ƙarar da Raihana ta yi a wannan karon babu tafin hannun da zai iya tare ta. Guɗa ta tsaya a waje. Iya ta shiga dukan ƙofa da hannu biyu tana kiran sunayensu.

Fatar ta ɗan rabu ta gefe, gashin idon ya tsige, jini na tsattsafowa. Abin da Amatullah ta hango a ciki ba fari ba ne, ba baƙi ba ne. Da rarrafe ta je ta zare sakata.

Mata suka afko. Wannan ta ce a zuba man shanu, waccan ta ce a nemo mai shayarwa ta tatsa nono a ciki, wata tsohuwa ta ce sammu ne, a kira malam. Iya ta rungume Raihana tana salati, hawaye na bin fuskarta. Ko kallon Amatullah ba ta yi ba.

Amatullah ta rasa wanda za ta kira a duniya. Sai ta lalubo lambar matar da ta yi wa tsaki.

"Madam, ki taimake ni. Gam ya shiga idon ƙanwata. Na shiga uku, Madam."

Madam Ursula ba ta tambaye ta wane gam ba. Ta ce, "Kada kowa ya ja idon. Kada a sa komai sai ruwa mai tsafta, a yi ta zubawa. Kin ji ni? Kada ki ja."

"Na riga na ja. Na sa ruwan goge farce."

Madam Ursula ta ce, "Ku fito da ita bakin titi. Ga ni nan da motar maigidana."

Haka aka fito da amarya a lulluɓe, ba guɗa, ba turare. A cikin mota Amatullah ta tallafe kan Raihana a cinya tana tsiyaya mata ruwan leda, hodar da ta ɓata lokaci tana shafawa tana gangarowa kan leshi. Addu'a take yi wadda ba ta da kai ba ta da gindi. "Ya Allah ka ɗauki nawa. Ka ɗauki duka biyun, ka bar mata nata."

A asibiti aka wanke idon, aka rufe, aka ce su wuce Katsina wajen likitan ido. Zakiyyu ya same su a hanya a kan babur, ko hula babu a kansa.

Da likitan ya gama dubawa ya fito, ya tambayi wanda ya fara taɓa idon. Amatullah ta miƙe tana riƙe da bango.

Ya ce, "Gam kaɗai da sauƙi. Muna ganin irinsa, yawanci yana saki. Abin da ya ƙona idon shi ne ruwan da aka sa, da jan da aka yi."

Ta durƙusa a gabansa, ta kama gefen rigarsa. "Likita, ko nawa ne. Zan sayar da komai. Akwai akwati, akwai fitila, sababbi ne, ko amfani ban yi da su ba sosai."

"Baiwar Allah, tashi. Ba maganar kuɗi ba ce yanzu. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, sauran sai addu'a."

An yi ƙoƙarin. An yi magani, an yi ta zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina, akwatin da fitilar duk suka tafi a kuɗin mota da na magani. Ciwon ya warke, amma ya bar farin tabo a tsakiyar idon. Da shi Raihana tana bambance haske da duhu, shi ke nan.

Wasu daga cikin dangin ango suka fara ƙananan maganganu. Zakiyyu ya ce shi Raihana ya nema, kuma Raihana tana nan. Aka ɗaura aure, aka kai amarya Babban Mutum ba tare da wani taro ba.

Amatullah kuwa babu wanda ya kai ta ƙara, babu wanda ya zage ta a fuska. Waya dai ta daina ƙara. Ita ma ko an kira ba za ta iya ba, don da ta ɗauki burushi sai idon Raihana ya faɗo mata a rai. Ta rame, ta daina fita. Duk lokacin da Raihana ta aiko a ce ta zo, sai ta ce ba ta jin daɗi. Ba ƙiyayyar ƙanwarta take tsoro ba. Idon take tsoron gani.

Ranar wata Juma'a Iya ta yafa mayafi ta tsaya a kanta. "Tashi ki raka ni. Yarinyar nan ta rasa ido, ba za ta rasa 'yar'uwa kuma ba."

Suka samu Raihana a ɗakinta da hantsi, ta yi wanka, tana zaune gaban ɗan madubi. Amatullah ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Duk maganar da ta shirya a mota ta gudu.

"Raihana, ni ban san da wane baki..."

"Yaya, shigo ki zauna. Dama ke nake jira."

Ta miƙo mata tandun kwalli.

"Na hagun ina iya sa masa, don ina ganin sa da na dama. Amma in na zo sa wa na daman, sai ya lumshe, komai ya ɓace min. Kullum sai na zane fuskata. Tun da aka kawo ni ban sa kwalli ya yi daidai ba."

Amatullah ta ja da baya tana girgiza kai. "A'a. Ba ni ba. Ki ba Iya. Wallahi ba zan iya kusantar idonki ba."

"Iya hannunta ya tsufa. Ke kika iya."

"Shi kaɗai ya rage miki, Raihana!"

"Na sani. Shi ya sa ba zan ba kowa ba sai wadda ta san darajarsa."

Amatullah ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti. Raihana ta bar ta ta yi mai isarta. Da Amatullah ta natsu ta tashi ta wanke hannu da sabulu, ta wanke tsinken sa kwallin, ta goge shi da tsumma mai tsafta. Ta durƙusa a gaban ƙanwarta, ta yi bismilla.

Raihana ta ɗaga kai, ta buɗe mata idon da ya rage.

Darasi: In kuɗinki ba za su kai ga komai ba, ki yi tsimi a kan abin da mutane za su kalla, ki kashe a kan abin da zai taɓa jiki. Akwati, madubi da yawan jambaki duk suna iya jira, amma abin da zai kusanci ido ko ya kwana a fata ba a neman arahar sa. Kuma in kuskure ya faru, kada tsoron kunya ya sa ki kulle ƙofa. Ki nemi taimako tun abu bai lalace ba. Ku tura wa 'yan'uwa mata, musamman masu sana'ar kwalliya da amaren da ke shirin biki, wataƙila ku zama sanadin tsirar idon wata.